Darasi na 7: Idan Ka Kai Ƙorafi a Gona, Mai Gona Ya Juya Maka Baya

Wannan darasi na masu aiki ne a gonakin kaji da na kifi da na lambu a Epe, Ikorodu da Badagry na Jihar Legas. Mutum ya ce wa manaja maganin feshi yana ƙona masa hannu, a ba shi safar hannu da takalmin roba. Bayan kwana uku sai a rage masa lada, ko a ce kada ya sake zuwa. Wannan ita ce ramuwar gayya, kuma doka ba ta bar ka haka kawai ba.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya ta ce wanda ya ɗauke ka aiki ya ba ka takardar sharuɗɗan aikinka kafin ka wuce wata 3 da farawa. Ta hana shi yanke maka albashi yadda ya ga dama, ta kuma hana korarka don ka shiga ƙungiyar ma'aikata. Idan zai sallame ka, akwai notis: kwana 1 ga wanda bai wuce wata 3 ba, mako 1 ga wanda bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5. Notis na mako ɗaya zuwa sama, a rubuce ake bayar da shi.

Yanzu ga inda kusan kowa ke tuntuɓe. Ranar da ka kai ƙorafi, ka rubuta ranar. Sayi ƙaramin littafi, ka ja layi huɗu: rana, wanda ka faɗa wa, abin da ka faɗa, wanda ya ji. Misali: 12 ga Maris 2025, manaja, na ce babu safar hannu, abokin aikina ya ji. Rana tana nufin lamba da wata da shekara, duka ukun. Ba “ran Talata” ba, ba “bayan sallah” ba. Talata nawa ce a shekara? Idan hannunka bai saba da biro ba tukuna, ba abin kunya ba ne, kowa da haka ya fara. Ka sa wani ya rubuta, ya karanta maka, ko ka tura saƙon murya ta WhatsApp ga manajan, waya za ta riƙe ranar.

Ranar da aka yanke maka kuɗi, ita ma ka rubuta ta. Ranar kora ma haka. Me ya sa? Mai gona zai ce don lalaci ya kore ka. Ranaku biyun nan kusa da juna, ta ƙorafi da ta kora, su ne za su yi maka magana. Haba 'yan'uwa, sau nawa za a faɗa? Mutum ya riƙe farashin buhun abincin kaji a ka, amma ranar da ya yi maganar lafiyarsa ya ce ya manta! Rubuta ranar a ranar, kafin ka kwanta. Littafin kuma ka ajiye shi a gida, kada ka bar shi a ɗakin gona.

Darasi na 8: Ina Za Ka Je

Kada ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka ba. Ɗauki littafinka ka je ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, ko ofishin lauyoyin kare jama'a (OPD) na Jihar Legas, inda lauyoyi ke taimaka wa marasa hali kyauta. Idan sulhu ya gagara, akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa a Ikoyi.

Darasi na 9: Rauni a Wurin Aiki

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce ka sanar da wanda ya ɗauke ka aiki cikin kwana 14 da jin raunin. Ajiye takardar asibiti. Rubuta ranar.