Yadda ake sa ido daga nesa kan gubar nukiliya a tsibiran Bikini

Tsakanin 1946 da 1958 Amurka ta yi gwajin makaman nukiliya sau 67 a tsibiran Marshall da ke tekun Pasifik, a Bikini da Enewetak. Abin da ya fi ci wa masu awo tuwo a ƙwarya har yau shi ne siziyam-137, wani sinadari mai guba da gwaje-gwajen suka bari a ƙasa, wanda sai ya shafe kusan shekara 30 ƙarfinsa ke raguwa da rabi. Ga wurin da nisa, jirgin ruwa ba kullum yake zuwa ba, dole a bar na'ura ta yi gadi.

Da farko a zana taswirar gubar. A ɗaura na'urar gano hasken gama (wani haske da ido ba ya gani, wanda gubar ke fitarwa) a jirgi mara matuƙi, ya yi ta kai da komo ƙasa-ƙasa, layi bayan layi, ana haɗa kowane awo da GPS. A 1978 da jirgi mai saukar ungulu aka yi wannan aiki.

Inda taswira ta nuna gubar ta taru, nan za a kafa na'urar dindindin, mita ɗaya sama da ƙasa, da sola da batir, tana aika lambobi ta tauraron ɗan'adam. A rufe akwatinta ruf, domin iskar teku mai gishiri ba ta raga wa ƙarfe. Idan lamba ta ɗan tashi lokacin ruwan sama kada a ɗaga hankali, ruwa kan sauko da burɓushin radon, wata iskar gas da ke fitowa daga ƙasa, kuma cikin 'yan awanni ya lafa.

Filutoniyam kuwa, wani sinadarin makaman nukiliya, ba ya ganuwa daga nesa. Sawun amerisiyam-241, wani sinadari da ake samu tare da shi, ake bi a kamo shi.

Mataki na ƙarshe shi ne wanda ba na so a tsallake. Ƙasar murjani ba ta da isasshen fotashiyam, sai bishiyar kwakwa ta zuƙe siziyam a madadinsa, ya taru a ruwa da tsokar kwakwar da yara ke ci. Na'urar da ke kan sanda ba ta san wannan ba. Sai mutum ya taka da ƙafarsa, ya haƙa ƙasa hawa-hawa, ya tsinko kwakwa, a kai ɗakin gwaji. Inda aka zuba takin fotashiyam a sake awo, domin yana rage zuƙar sosai. Mutanen Bikini da aka kwashe saboda gwaje-gwajen, suka koma gida a farkon shekarun 1970, awon jikinsu ne ya nuna siziyam yana ƙaruwa, aka sake kwashe su a 1978.