Minecraft: kurakuran da aka fi yi tsakanin wasan gumi da wasan magudi, da yadda za a gyara su

Duk wanda ya ɗan daɗe yana buga Minecraft, gem ɗin nan na haƙa da gini da bulo, ya san gardamar nan da ba ta ƙarewa, wai waye ɗan wasa na gaske, wanda ya fara da sarar bishiya da hannu ya yi ta haƙa har ya kai ga daimon, ko wanda ya rubuta /give, umarnin da ke ba ka duk abin da ka nema, ya cika akwati cikin sakan biyu. Ni dai ra'ayina a nan ba mai tsawo ba ne, kamfanin Mojang da kansu suka saka Creative, wato yanayin wasan da kake samun komai kyauta, da umarnin magudi a cikin gem ɗin, saboda haka ba wanda ya isa ya ce ka yi laifi don ka taɓa su a duniyarka. Inda ake tafka kuskure shi ne cakuɗa su biyun a duniya ɗaya, ko yin magudi a wurin da akwai wasu mutane, ko kuma danna abu ba tare da ka san abin da zai biyo baya ba.

Bari in fara da wanda ya fi cin mutane, musamman mu da yawancinmu a waya muke bugawa. Na waya shi ne Bedrock, wanda da ake kira Pocket Edition, kuma a cikinsa idan ka kunna Activate Cheats ko ka shiga Creative ko da na minti ɗaya ne, to lambobin yabon nan da gem ke ba ka in ka cimma wani abu sun rufe a wannan duniyar har abada. Ko ka kashe magudin ka dawo Survival, wato wasan gumi, ba za su dawo ba. Gem ɗin ma yana gargaɗi kafin ka danna amma waye ke tsayawa karatu, mutum yana cikin fushi Creeper, dodon nan mai fashewa, ya fasa masa gida sai ya ce bari in shiga Creative in gyara bangon nan kawai in fita, shi ke nan duniyar da ya yi wata da watanni yana wa hidima ta tashi daga lissafi. Gyaran mai sauƙi ne, a cikin setin ɗin duniyar akwai Copy World, ka yi kwafi ka je can ka yi duk gwajin da kake so, ta asalin ka bar ta yadda take. Sannan mutane da yawa ba su san cewa Show Coordinates ba ya cikin magudi ba, kana iya kunna shi ka riƙa ganin lambobin inda kake tsaye kuma ba abin da zai rufe maka, amma Keep Inventory, wanda ke hana kayanka zubewa in ka mutu, shi kam yana ɓangaren magudi. A Java na kwamfuta abin ya bambanta, can magudi ba ya rufe maka komai, har ma akwai hanyar Open to LAN da ake kunna shi na ɗan lokaci, to can tsakaninka da zuciyarka ne.

Kuma in ka duba da kyau ba son banza ne ke fara kai mutum ga magudi ba, mutuwa ce. Ka tara kaya ka mutu a cikin kogo, komai ya zube, zuciya ta ɗebe ka. Abin da ya kamata ka sani shi ne kayan da suka zube suna yin minti 5 kafin su ɓace, amma fa agogon yana tafiya ne kawai idan yankin yana buɗe, wato idan akwai ɗan wasa a kusa. In ka farfaɗo can nesa sosai da wurin to kayanka suna nan suna jiranka, ba sai ka ruga da gudu hannu rabbana ka sake mutuwa a hanya ba, ka tsaya ka haɗa takobi da abinci da tocila sannan ka tafi. Ka riƙa rubuta lambobin bakin kogo kafin ka shiga, ka kwana a gado kusa da inda kake aiki don can za ka farfaɗo, ka ajiye rarar kayan aiki a akwati a gida, kada ka yi ta yawo da duk dukiyarka a jiki. Bokitin ruwa kada ya rabu da kai saboda laba, wato narkakken dutse mai wuta, ita ce ke ƙone kaya ƙurmus in ban da na Netherite, ƙarfen da ya fi daimon ƙarfi, kuma kada ka taɓa haƙa bulon da kake tsaye a kansa. Amma a Nether, wata duniyar wuta da ke cikin gem ɗin, ruwa ba ya zuba, ƙafewa yake nan take, gado kuma fashewa yake in ka ce za ka kwanta, wannan ma ya kashe mutane da yawa.

Sai masu cewa sun yi ta haƙa ba daimon shi ya sa suka saka X-ray, magudin da ke sa ka ga ta cikin dutse. Tambayar farko da nake musu ita ce a wane zurfi kake haƙa. Yawanci sai ka ji an ce Y 11 ko 12, Y ita ce lambar da ke nuna tsayi ko zurfin inda kake, saboda wani tsohon bidiyo da suka kalla a YouTube. Wannan tsohon zance ne, tun da samfurin 1.18 ya fito a ƙarshen 2021 ƙasa ta ƙara zurfi har zuwa -64, kuma yanzu daimon ya fi yawa can wajen -58 da -59. Ka sauka can da digar ƙarfe, don ta dutse ba ta cire daimon sai dai ta lalata shi, ka ja doguwar hanya miƙaƙƙiya kana fitar da rassa hagu da dama. Ancient Debris kuma da ake haɗa Netherite da shi a Nether yake wajen Y 15. Wanda ya san waɗannan lambobin ba ya buƙatar ganin ƙarƙashin ƙasa.

Shi kuwa /give matsalarsa daban ce, ba ya ɓata maka fayil, daɗin wasan yake kashewa. Ranar farko za ka ji kamar ka more, sulken Netherite, fukafukan Elytra a baya, akwati maƙil da daimon, rana ta uku sai ka buɗe gem ɗin ka rasa abin yi, don duk abin da zai sa ka fita daga gida ka riga ka ba kanka shi. Ai kowa ya ci zomo ya ci gudu, to kai ka ci zomon ba gudun. Kuma abin haushin shi ne gem ɗin yana da hanyoyin arziki na halak da suka kusa kai magudi sauri. Je ka nemi ƙauye, mutanen cikinsa suna ciniki. Mai yin kibiya yana sayen sanda 32 a kan emeral ɗaya, sanda fa da ake yi da katako, ka ga bishiya ta zama kuɗi. Maƙerin sulke in ka yi ta ciniki da shi har ya kai matakin sama zai sayar maka da sulken daimon, maƙerin kayan aiki ya sayar maka da digar daimon, ba ka haƙa komai ba. Mai littattafai kuma in ba ka riga ka yi ciniki da shi ba kana iya cire teburin karatunsa ka mayar, ka yi ta maimaitawa har ya kawo Mending wanda ke sa kayanka su riƙa gyara kansu. Yana cin lokaci, wani sa'in har ka gaji, amma naka ne. Ka haɗa da gonar ƙarfe ta Iron Golem, ƙaton mai gadin ƙauye da ke zubar da ƙarfe in ya mutu, daga nan batun ƙarfe ya wuce.

Yanzu masu amfani da manhajojin gyaran duniya, a nan ne ake yin asarar da ba ta da magani. Ƙa'ida ta farko wadda kowa ya sani kuma kowa ke takawa, ka kwafi fayil ɗin duniyar ka ajiye a wani wuri kafin ka buɗe ta da kowace irin manhaja, in da hali a wajen wayar ko kwamfutar ma gaba ɗaya. Ta biyu ka rufe gem ɗin tukuna, kada duniya tana buɗe a Minecraft kuma tana buɗe a manhajar gyara, su biyun za su yi ta rubutu a fayil ɗaya su dagula shi. Har yanzu akwai masu neman MCEdit saboda sunansa ne ya fi yawo, alhali ya tsufa, tun 1.13 a 2018 aka canza yadda gem ke ajiye bayanin bulo kuma shi bai san sabon tsarin ba. Amulet ne ake amfani da shi yanzu, yana buɗe na Java da na Bedrock. WorldEdit kuma yana da //undo in ka yi ɓarna, amma /fill na cikin gem ba shi da komawa baya, ka kuskure lamba ɗaya sai ka ga ya cika rabin gidanka da dutse har akwatunan da ke ciki, kuma yana iya taɓa bulo har 32,768 a bugu ɗaya. Haka nan kada ka buɗe duniyar da ka buga a sabon samfuri da tsohon samfurin gem, yankuna suna iya lalacewa.

Batun saukar da abubuwa daga ko'ina kuwa ba sai na ja ba. Wai mod apk, wato gem ɗin da wani ya yi wa kwaskwarima, mai ba da komai kyauta, wani ya tura maka ta Xender ko a wani guruf, ka saka shi ya nemi izinin ganin saƙonninka da lambobin wayarka ka danna masa yarda, a wayar da kake shiga bankinka. Me ya haɗa gem ɗin gini da saƙonninka? Ko manyan wuraren da aka yarda da su ba su tsira ba, a watan Yuni na 2023 an gano wata muguwar manhaja mai suna fractureiser da aka cusa cikin wasu mod, wato ƙarin da ake saka wa gem, a shafin CurseForge tana satar bayanan shiga asusun mutane. In can an samu haka to ina ga wani shafi da ba ka san mai shi ba.

Duk abin da na faɗa a sama kanka kake cuta, amma da zarar ka shiga saba, wato duniyar intanet inda ake wasa da jama'a, to magana ta canza, nan kam magudi cin amana ne. Kai ka ga daimon ta cikin dutse ka kwashe, wanda ya yi awa biyu yana haƙa ya zo ya tarar da wayam. Kuma masu yi suna ɗauka ba a gane su, alhali shi ne abu mafi sauƙin ganewa, mai haƙa na gaskiya raminsa yana da tsari kuma yawancinsa ba ya cin karo da komai, mai X-ray kuwa raminsa sai ya yi ta lanƙwasa yana faɗawa kan daimon ɗaya bayan ɗaya. Masu kula da saba suna da irin su CoreProtect da ke rubuta duk bulon da kowa ya cire da lokacin da ya cire shi, manyan saba irin Hypixel kuma suna da Watchdog mai kama masu magudi. A kore ka daga sabar ka rasa komai, ka dawo kana rantsuwa ƙaninka ne ya ɗauki wayar.

Akwai kuma ƙaramar ƙaryar nan ta gina abu a Creative a ɗauki hoto a ce a Survival aka yi. Ba ta da wani amfani, kuma masana suna ganewa. Ko Dream, fitaccen ɗan wasan nan na YouTube, da duk sunansa bai sha ba, a ƙarshen 2020 masu tantance gasar kammala gem da sauri suka lissafa yawan sa'ar da yake samu wajen Ender Pearl da Blaze Rod suka ce yiwuwar hakan ɗaya ce cikin tiriliyan 7.5, ya yi ta musu, sai a watan Mayu na 2021 ya amsa cewa akwai mod da ke kunne a gem ɗinsa, ko da yake ya ce ba da saninsa ba ne. Kai dai ka rubuta gaskiya a ƙarƙashin hotonka, da Creative na yi, da WorldEdit na yi, ba wanda zai raina ginin in yana da kyau.

Wannan ya kawo ni ga ɗaya ɓangaren, don masu wasan gumi ma suna da nasu kuskuren, wato raina duk wanda ya taɓa Creative. Gaskiya wannan rashin sani ne. Aikin Build The Earth da aka fara a 2020, wanda ake ƙoƙarin gina duniyarmu daidai girmanta a cikin gem, da kayan gyara ake yin sa, ba yadda za a yi a ce kowane bulo sai an haƙo shi. Wanda ke Creative zane da tsari yake nunawa, wanda ke Survival juriya da dabara yake nunawa, wasa biyu ne a cikin gem ɗaya. Kuma mai Survival da ya ƙi buɗe duniyar gwaji kansa yake wahalarwa, sai ya tara dutse na kwana da kwanaki ya gina katafaren gida ya gama ya ga rufin bai yi ba ya dawo rushewa. Ka buɗe wata duniya daban a Creative ka zana ginin a can, ka gwada na'urar Redstone ɗinka, wato lantarkin cikin gem, ka ga tana aiki, ka ƙirga kayan da za ta ci, sannan ka dawo ka gina da guminka. Masu Java har suna da Litematica da ke nuna maka inuwar ginin kana bi kana jera bulo.

Saura abubuwan da ke tsaka-tsaki, kamar saka lambar duniyarka a shafin Chunkbase don ganin inda ƙauye ko Stronghold, ginin ƙarƙashin ƙasa mai ƙofar zuwa ƙarshen gem, yake, ko dabarun ninka kaya da ke fitowa daga kuskuren gem, ko barin waya a kunne a gona kana barci tana tara maka kaya. In kai kaɗai ne ka yanke wa kanka hukunci tun ranar farko ka tsaya a kai. In da abokai ne to ku zauna ku yi magana kafin a sare bishiyar farko, me aka yarda da shi me aka hana, don yawancin rigimar da ke watsa duniyar abokai daga nan take tasowa, wani yana ganin dabara ce wani yana ganin sata ce. Kai kuma mai duniyar ka duba izinin da kake ba mutane, a Bedrock akwai Visitor da Member da Operator, ka bar kowa a Member, Operator kuma kada ka ba wa kowa don kunya ko don abokinka ne na kusa, in magudi yana kunne duk mai wannan matsayin yana iya ba kansa kaya ya koma Creative ya dawo ba tare da ka lura ba.