Babi na Shida: Uwa da Katin Rigakafin Ɗanta

Darasi na 1: Ki san katin

Kowacce ta fito da katin ɗanta ta ɗora a cinya. Wadda ba ta zo da shi ba ta matsa kusa da 'yar'uwarta su duba tare, amma gobe lallai a zo da shi.

Wannan shi ne katin da aka ba ki a asibiti ranar da aka fara yi wa jariri allura. Alluran da ke cikinsa kyauta ne a asibitin gwamnati, babba ko na sha-ka-tafi. Ki juya katin har rubutu ya tsaya daidai, sannan ki nemi sunan yaro a fuskar farko. Idan an yi masa allura kafin ranar suna, sunanki za ki tarar a wurin. Kada ki damu, in kin koma sai ki ce wa nas ta rubuta nasa. Kusa da sunan akwai lambobi, su ne ranar haihuwarsa. Ki ɗora yatsa a kansu, don da su za mu yi darasi na gaba.

Darasi na 2: Ranar komawa asibiti

A nan mata suka fi yin tuntuɓe, saboda haka za mu daɗe a nan. Kada kowa ta ji kunya.

Duk lokacin da aka yi wa yaro allura, nas takan rubuta ranar da za ki dawo. Ba ta rubuta sunan wata, lambobi take sawa kashi uku, da ɗan layi a tsakaninsu, kamar haka:

9/4/2025

Ana karantawa daga hagu zuwa dama, irin na boko. Lambar farko rana ce. Ta tsakiya wata ne. Ta ƙarshe shekara ce. Mu faɗa tare da ƙarfi: rana, wata, shekara. Mu sake: rana, wata, shekara.

Yanzu ki ɗora yatsa a kan 9. Me muka ce lambar farko take? Rana. Ke nan ranar 9 ga wata. Matsar da yatsa kan 4. Wannan wata ne, wata na huɗu. Ga watannin da lambobinsu, kowacce ta kwafa a bayan littafinta:

1 Janairu
2 Fabrairu
3 Maris
4 Afrilu
5 Mayu
6 Yuni
7 Yuli
8 Agusta
9 Satumba
10 Oktoba
11 Nuwamba
12 Disamba

Wata na huɗu Afrilu ne. To, 9/4/2025 ita ce ranar 9 ga Afrilu, shekarar 2025.

Ku dubi abin da ke faruwa in an juya. Uwa ta ga 9 a farko ta ɗauka wata ne, ta ce ai sai Satumba. Yaron da ya kamata a kai shi a Afrilu ya zauna kusan wata biyar babu allura, ga damina ta shigo. Uwar nan ba sakaci ta yi ba, tana son ɗanta kamar kowa, lamba kawai ta juye mata. Shi ya sa nake ta maimaitawa: ta farko rana ce, ta tsakiya ita ce wata.

Akwai tuntuɓe na biyu. Watan da ke kati na Bature ne, ba wanda muke duba jinjirinsa ba. Wasu kan ga 9 a tsakiya su ce watan Azumi, tunda shi ne na tara a lissafin Musulunci. A kati, 9 Satumba ne. A shekarar 2025 ma a watan Maris aka yi azumi, wato wata na 3. Idan kalandar ɗakinku mai kwanan wata biyu ce, ki bi na Bature. Wayar hannu ma tana nuna kwanan wata, ki riƙa dubawa kullum da safe.

Wata nas takan rubuta 09/04/25. Duk abu ɗaya ne. Sifirin da ke gaban lamba ba ya ƙara komai, 25 kuma 2025 ce aka gajarta. Tsarin bai canza ba: rana, wata, shekara.

Aiki. Ga ranakun wani jariri da aka haifa 26/2/2025. Ki karanta kowacce da baki, yatsa a kan lamba, sannan ki rubuta sunan watan:

9/4/2025
7/5/2025
4/6/2025

Ta farko mun yi ta tare. Ta biyu 7 ga Mayu ce, ta uku 4 ga Yuni. Wadda ta samu daidai, madalla, Allah ya ƙara basira. Wadda ta ce Yuli a ta biyu, ko Afrilu a ta uku, ta juya lambobin. Ba komai, koma sama ki ɗora yatsa: ta farko rana, ta tsakiya wata.

Sai dai zan faɗi gaskiya, 'yan'uwa. Akwai masu gyaɗa kai a aji su ce sun gane, in an miƙa musu kati sai su tura wa ta kusa. Wannan ba zai yiwu ba. Ranar komawa asibiti ba zan kasance a ɗakinki ba, ta kusa da ke ma ba ta nan. Kin iya lissafin adashe ba a cuce ki ko sisi, kin san ranar da kowacce za ta kwasa, lamba uku ba za su gagare ki ba in kin sa kanki. Kuma ku daina cewa maigida zai duba. Shi yana kasuwa ko gona, ke ce da yaro a bayanki. Abin da ya kamata shi ne ki karanta ranar da kanki, ki gaya masa tun saura kwana uku, don ya ba da izini da kuɗin mota a kan lokaci.

Kafin ki bar gaban nas, ki roƙe ta ta zagaye ranar dawowa da biro, ki karanta mata da baki ta ji. In kin juya, nan take za ta gyara miki.

Darasi na 3: Sau nawa za a je

Zuwan farko da zarar an haihu. A nan ake yin BCG ta tarin fuka, wadda ke barin ɗan tabo a dantse, da allurar ciwon hanta, da ɗigon shan inna.

Sai in ya cika sati 6, wato kwana biyu bayan arba'in, sannan sati 10, sannan sati 14. A waɗannan ukun ake yin wadda za ki ga an rubuta Penta. Allura ɗaya ce mai kare cuta biyar, cikinsu har da tarin shiƙa da mashaƙo, cutar da ta kwantar da yara da yawa a Kano a 2023. Dole ne a cika ukun. In kin tafi wankan jego gidanku, ki tafi da kati, asibitin garinku za su ci gaba daga inda aka tsaya.

In yaro ya cika wata 9 ake yin ta ƙyanda da shawara da sanƙarau. A wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Wata 9 ɗin nan ne aka fi mantawa saboda tazarar da ke tsakani, don haka ki karanta ranar da kyau. Rana, wata, shekara.

Ɗigon shan inna da ake bi gida-gida ana yi ba ya maye gurbin zuwa asibiti. A karɓi wannan, a je wancan.

Darasi na 4: In rana ta wuce

Ki je ko da kin makara. Ba a sake farawa daga farko. Idan jikin yaro ya yi ɗan zafi bayan allura, ko wurin ya kumbura kaɗan, yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu, ki ci gaba da ba shi nono. In zafin ya yi tsanani ko ya ƙi sauka, a koma asibiti.

Darasi na 5: Ajiyar kati

A sa shi cikin leda, a ajiye inda ruwa da ɓera ba za su kai ba. Aikin gida: kowacce ta rubuto ranar haihuwar 'ya'yanta biyu da lambobi.