Kunun zaƙi: kurakuran da ke ɓata shi tun ba a kai ga zancen kamfani ba

Shekara huɗu ke nan ina dama kunun zaƙi a gida, kuma burina in wayi gari da ɗan ƙaramin wurina inda zan riƙa ɗura shi a gora da sunana a jiki. 'Yan'uwa mata masu irin wannan buri sukan tambaye ni me ya sa nasu ke yin daɗi yau, gobe ya ƙi. Yawanci matsalar tana wajen zafi.

Idan kin dawo daga markaɗe, kashi biyu ake raba ƙullun geron. Babban kashi a dama shi da tafasasshen ruwa ya yi kauri. Ƙaramin, wanda aka markaɗa da busasshen dankalin Hausa ko tsiron dawa, a bar shi ɗanye. Ɗanyen nan shi ke ɗauke da sinadarin da ke narka sitaci ya mai da shi zaƙi, kuma zafi mai tsanani na kashe shi. Mai gaggawa sai ta juye shi damun na tsaka da tururi, ta dafe shi, ta wayi gari da koko mai kauri, ta yi ta ɗura sukari. Ki jira zafin damun ya sauko zuwa tsakanin digiri 60 da 70 kafin ki juye ɗanyen a ciki. In ba ki da ma'auni, ki bari tururin ya lafa amma har yanzu yatsa ba ya iya zama a ciki. Za ki gani da idonki: damun da muciya ke tsayawa a cikinsa zai fara saki, ya tsinke, ƙamshin citta da kanumfari ya taso. Ni kam duk cikin aikin babu inda ke faranta mini rai kamar nan.

Sai kuma barin sa ya daɗe kafin a tace. Kwana ɗayan da ke yi masa daidai a lokacin sanyi ya yi yawa a bazara. A watan Maris da Afrilu ki riƙa ɗanɗanawa, da ɗan tsami ya shigo ki tace.

Ki kuma sani cewa rufe gora ba ya tsayar da shi. Ƙwayoyin yis na ci gaba da cin sukarin suna fitar da iska, in aka ƙyale su kuwa, hanyar da burkutu ke bi ke nan. Na taɓa jera gora talatin a firji, aka ɗauke wuta tun la'asar. Da safe duk sun kumbura sun yi tauri kamar dutse, ina murɗa murfin ta farko kumfa ta yi tsiri ta wanke mini fuska. Zubar da su na yi gaba ɗaya, na kuwa yi kuka. Tun ranar sai dab da ɗurawa nake sa sukari, in sanyaya nan take, kuma ba na dama abin da ya wuce cinikin yini sai in ina da ƙanƙara a kula.

A wajen tsafta, inda ake tuntuɓe shi ne ruwan tata. An tafasa na damu, sannan a ɗebo ɗanye daga randa a tace da shi. Shi ma ki tafasa ki bar shi ya huce. Ki sa mai inji ya wanke injinsa kafin ya zuba naki, don ragowar wake da tattasai ba sa ɓuya a kunu. Gorunan da aka tsinto a titi kuwa ki rabu da su, sababbi ba su kai asarar mai saye ɗaya tsada ba.

Wadda ke son kamfani sai ta bar awo da ido. Ki sami littafi ki rubuta mudu nawa na gero, lita nawa ta ruwa, awa nawa ya jiƙa, awa nawa ya kwanta. Rajistar suna a CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, ba ta da wuya. Hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, wadda aka kafa a 1993, ita ce ke zuwa ta duba wurin aiki da ruwan da ake amfani da shi kafin ta ba da lamba, kuma tana son ɗaki na daban, ba madafin gida ba. Ni ban nemi lambar ba tukuna. Sharaɗin da na gindaya wa kaina shi ne damu ashirin a jere masu ɗanɗano iri ɗaya, yanzu ina kan na goma sha uku.