Kafin ku kama hanyar Sudan da sunan hidimar marayu

'Yan'uwa, tun da na saka hoton ɗakin shan maganinmu na nan Gadarif a gabashin Sudan saƙo bai daina shigo min ba, daga Jos, daga Kafanchan, har da wata mama ta zumuntar mata da ta turo min murya ta minti 9 wai ekklisiyarsu ta tara baiko suna so su turo matasa 6 su yi sati 2 da marayu. Mama na gode, Ubangiji ya sa albarka, amma bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya don yatsana ya gaji.

Abu na farko, ƙasar nan yaƙi ake yi tun 15 ga Afrilu 2023 tsakanin soja da mayaƙan rundunar RSF, kuma kun ga yadda aka sha wahalar kwaso ɗalibanmu ta Masar da Fot Sudan a lokacin. Gabas ta fi sauƙi amma ko Fot Sudan ɗin ta sha jirage marasa matuƙa a watan Mayun 2025. To kar wanda ya yanki tikiti sai yana da takardar gayyata daga ekklisiya ko ƙungiyar da take da rajista a nan, wadda za ta tsaya masa kan biza, ta kai shi rajistar baƙi cikin kwana 3 da sauka, ta kuma nema masa izinin tafiya daga wannan jiha zuwa waccan. Aikin agaji duk ta hannun HAC, hukumar gwamnati mai kula da aikin agaji, yake bi. Wanda ya ce muku ku shigo kawai Allah zai buɗe hanya, ku tambaye shi ko shi ya taɓa tsayawa a shingen soja ba takarda. Kuma a biza ku faɗi gaskiyar abin da ya kawo ku, don in an kama ku da ƙarya ku jirgi za ku hau ku koma gida, faston da ya karɓe ku shi zai zauna da wutar.

Lafiya kuma, katin allurar shawara dole ne, a ƙara da ta sanƙarau da taifod, a taho da maganin maleriya da gidan sauro na kowa da kowa. Kwalara ta ɓarke a 2024 kuma ba ta tafi da sauƙi ba, ruwan da ba a tafasa ko an sa masa kulorin ba kar ya taɓa bakinku. Nan Gadarif akwai wata cuta kala'azar da wani ɗan ƙaramin ƙuda ke kawowa, shi ya sa nake cewa gidan sauro mai ƙananan ido. Lokacin da ya fi dacewa ku zo shi ne Nuwamba zuwa Fabrairu. Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, damina kuma baƙar lakar garin nan sai ta cire maka takalmi ta riƙe, mota ma haka.

Kuɗi, katin ATM ɗinku na gida ku bar shi a gida. Dala sabuwa fil wadda ba ta da lanƙwasa ko rubutu, nan kuma kusan komai da manhajar Bankak ake biya, mai masaukinku zai taimaka. Fawa bank babba da fitilar sola, don wuta sai ta ga dama.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Wasu baƙi sun taɓa zuwa mana, mutanen kirki ne ba na zarginsu da mugunta, a cikinsu akwai wata budurwa da ta ɗauki wata yarinya 'yar shekara 4 kamar ita ta haife ta, goyo, ci a baki, kwana a jikinta, kullum tana ce mata ni ce mamanki. Kwana 12 suka yi. Ranar da motar ta tashi yarinyar nan ta bi ta da gudu ba takalmi har bakin titi, bayan nan ta yi kusan sati tana zama a bakin ƙofa da kofin robar da aka ba ta, asida, wato tuwonsu na nan, ma sai an yi da gaske take haɗiye loma biyu, fitsarin kwance da ta daina ya dawo. Budurwar tana can tana ba da shaida a majami'a da hotuna a Facebook, mu muna nan muna lallashi. Yarinyar da ta riga ta rasa uwa sau ɗaya, mun sa ta sake rasawa.

Shi ya sa nake cewa in sati 2 za ku yi, ku zo ku yi wa masu renon hidima, su ne za su zauna. Ku wanke kaya, ku gyara famfo, ku yi fenti, ku karɓi girki matar da ta yi wata 6 ba hutu ta samu ta yi barci. Wasa da yara a yi shi a fili cikin taro, ba a keɓe da yaro a ɗaki, ba alkawarin zan dawo in ɗauke ka, ba hoton fuska sai da izinin mai kula da shi. Kuma ekklisiya ta tantance wanda za ta turo, a tambayi tarihinsa da yara sosai, kar a ce ai ɗan dattijo ne. Ni da za a bi tawa, maimakon matasa 6 a turo mutum 2 masu sana'a a hannu, nas ko ungozoma ko mai haɗa sola, sauran kuɗin tikitin a mai da shi madara da albashin masu reno. Ku lissafa tikitin mutum ɗaya ta Adis Ababa ko Alƙahira ku gani buhun dawa nawa ne.

Ku kuma sani yawancin yaran da ake kira marayu suna da wani nasu. A Larabci yatim wanda ya rasa uba ne, uwar tana nan, ko kaka, ko gwaggo, gudun hijira da talauci ne suka raba su. Mutanen nan tsarin kafala suka sani, yaro ya tashi cikin iyali da sunan ubansa, kuma gaskiya ya fi gidan marayu. Wanda ya ji labarin gidan marayu na Maigoma a Khartum ya san dalili, yaƙi ya hana ma'aikata zuwa, jarirai gommai suka mutu, sai a watan Yunin 2023 Red Cross ta kwashe kusan 300 zuwa Wad Madani, da RSF ta shiga can a Disamba aka sake gudu da su Kasala. In kun samu gwauruwa mai 'ya'ya 4 kuka saya mata kayan sayar da shayi, kun cika abin da Yakubu 1:27 ya ce kan kula da marayu da gwauraye ko ba ku taka gidan marayu ba.

Maganar bishara. An soke dokar ridda a 2020, amma wannan bai sa raba takardu a kasuwa ya zama wayo ba, kuma yaron Musulmi da aka ba ku amana ba a juya shi da biskit, wannan cin amana ne kuma shi yake rufe ƙofa. Ekklisiyar nan ba jiya aka fara ta ba, ƙungiyoyin mishan na SIM da SUM da suka haifi ekklisiyoyin ECWA da COCIN a gida sun yi aiki a nan ma, an kori mishan na waje daga kudancin Sudan a 1964 masu bi suka ci gaba da kansu. To ku zauna ƙarƙashinsu ku ji. Lahadi ma ranar aiki ce a nan, hutu Juma'a da Asabar ne, kar ku yi mamaki in an ce sujada da yamma.

Hausa za ta yi muku amfani a kasuwa da unguwa, Hausawa suna da yawa a Gadarif da Kasala da Maiwurno, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, kuma maƙwabtana Musulmi su suka fara kawo min ruwa ranar da na tare. Amma yaran da ke hannun ekklisiya akasari 'yan yankin duwatsun Nuba ne ko 'yan Sudan ta Kudu, Larabci suke ji, ku koyi ko kaɗan ne, moya ruwa, shukran godiya, malesh sannu ko yi haƙuri, wannan ta ƙarshe za ku faɗe ta sau ɗari a rana. Siyasar ƙabila kuma ku kama bakinku, rikicin ƙabilanci na jihar Bulu Nayil na 2022 har yanzu ciwo ne ga Hausawan nan. Mata doguwar riga da gyale, maza ban da gajeren wando, kuma kar a ɗaga waya a gada ko shinge.

Kaya kar ku cika akwati da gwanjo da maganin da ya kusa lalacewa, an taɓa riƙe mana kwali 3 a filin jirgi saboda haka, sabulu da silifa duk akwai a kasuwa kuma mai shagon ma yana da 'ya'ya. Yaji ma kar ku wahala, agashe yana nan kowace kwana, tsirenmu ne sak har sunan daga Hausa ya fito. Manja dai, mama in da hali a ɗaure min galan ɗaya da kyau cikin leda biyu.