Yadda zaka ɗauki hoto da kyamarar fim a wurin dina mai duhu da fitilu kala-kala

Masu ɗaukar hoto da fim yawanci da rana suke abinsu, don da an shiga hol ɗin dina an kashe manyan fitilu DJ ya saki nasa masu juyawa, ja da shuɗi da shunayya, shikenan abu ya dagule, sai an wanke fim a tarar amarya inuwa ce kawai.

Tun daga gida ake fara gyara, wajen zaɓen fim. Manta da ISO 200, ISO ita ce lambar da ke nuna yadda fim ke saurin kama haske, a duhu mai babbar lamba ake so. In kala kake so ka nemi Kodak Portra 800 ko CineStill 800T. Shi CineStill asalinsa fim ɗin silima ne na Kodak da aka cire wa baƙin shafin bayansa, shi yasa duk kwan fitila mai ƙarfi sai ya fito da jan zobe kewaye da shi, wasu na son haka wasu basa so, ni dai a wurin biki yana burge ni. In baƙi da fari ne akwai Ilford Delta 3200, ko ka ɗauki Ilford HP5 mai ISO 400 ka saita ISO na kyamara a 1600, wajen wanki a cike gurbin. Amma fa ka rubuta 1600 ɗin da maka a jikin gwangwanin fim ɗin nan take, kar ka ce zaka tuna.

Sai gilashin gaban kyamara, wato lens. Ɗan 50mm mai buɗewa f/1.8 ko f/1.4 ya wadatar, zum ɗin nan (gilashi mai jawo abu kusa) mai f/3.5 barshi a gida, don lambar f in ta yi girma haske kaɗan ke shiga. Buɗe shi gabaɗaya ka sa gudun shota, wato tsawon lokacin da kyamara ke barin haske ya shiga, a 1/60 na daƙiƙa, in an fito fili ana rawa ana liƙi ka kai 1/125 in haske ya yarda.

To ga inda ake faɗuwa, wato mita, ma'aunin hasken da ke cikin kyamara. Mitar kyamara bata san amarya ba, lissafin hasken duk abin da ke gabanta take yi. In bayan mutane duhu ne sai ta buɗe da yawa fararen kaya su ƙone, in kuma wata fitila ta hasko ka kai tsaye sai ta tsorata ta rufe, fuskoki su koma baƙi ƙirin. Don haka ka cire ta daga oto. Ka je da wuri kafin a shigo da ango da amarya, ka sa wani abokin ango ya zauna a kujerarsu, ka matsa dab da fuskarsa ka auna, ka saita da hannu ka barshi a haka. In kana shakka ƙara haske, kar ka rage, fim ɗin kala yana jure yawan haske amma in ya yi kaɗan sai ya fito da tsaki-tsaki kamar garin kwaki. A nan ne kuma zaka daidaita fokas a kan kujerar, tunda in duhu ya yi ba lallai ka gani da kyau ba.

Daga nan sai haƙuri. Hoto 36 ne kacal a fim ɗaya, ba waya bace da zaka yi ta dannawa. Fitilun nan zagaye suke yi, tsaya ka kalli zagayen sau biyu uku ka gane lokacin da fari ko ruwan ɗorawa ke sauka a fuska, sannan ka danna. Ja zalla yana shafe kwalliya da aikin leshi, shuɗi kuma yana dusar da fatarmu. In an saki hayaƙi kuwa ka ɗauka, nan ne layin hasken ke fitowa raɗau.

Filasha fa? In ka harba ta kai tsaye ta kashe kalolin wurin duka. Amma gwada rage shota zuwa 1/15 ka haɗa da filasha, ita zata tsayar da fuska, fitilun baya kuma su ja zane.

Wajen wanki ka faɗa musu lambar da ka ɗauka a kai, in 1600 ne su ƙara lokacin wankin. Kuma ka ja kunnen mai sikanin kar ya bar na'ura ta "gyara" kala, in ba haka ba zata mayar maka da shunayyar nan toka-toka. Fim ɗin da baka buɗe ba a firji ake ajiye shi, zafinmu na lalata shi da wuri, musamman mai 800 zuwa sama.