Yadda Za Ka Yi Idan Antibairos Ya Hana Ka Buga Gem a Intanet

Ka kwana kana sauke Fortnite ko Valorant, data ta sha kashi, ka zo buɗewa gem ya ƙi shiga, ko ya shiga ya wurgo ka waje. Kafin ka ɗora wa kamfanin layi laifi, leƙa antibairos ɗin da ke kwamfutarka. Irin waɗannan wasanni suna zuwa da nasu masu gadin da ke hana maguɗi: Valorant na da Vanguard, Fortnite na da Easy Anti-Cheat, PUBG kuma BattlEye. Masu gadin nan can cikin hanjin Windows suke shiga su zauna, suna sa ido a kan duk abin da ya motsa, kuma da wannan halin ne antibairos ya san mugayen manhajoji. Shi ke nan sai mai gadi ya cafke mai gadi.

Da farko ka tabbatar antibairos ɗin ne mai laifin. Buɗe shi ka duba inda yake killace fayilolin da yake zargi. In ka ga fayil mai sunan gem ɗinka, magana ta ƙare. In ba ka gani ba, dakatar da kariyar na minti 10, Avast da AVG duk suna da wannan zaɓi, sannan ka gwada gem ɗin. Ya shiga? To ka mayar da kariyar nan take, gwaji ne kawai.

Sai ka nemi wurin da aka rubuta Exceptions ko Exclusions, ka saka foldar gem ɗin ita kaɗai, don ya daina bincikenta. Wasannin Steam, wato manhajar saye da sauke gem, galibi suna zaune a C:\Program Files (x86)\Steam\steamapps\common. Kada ganda ta sa ka keɓe C gaba ɗaya ko foldar Downloads, wannan buɗe ƙofar gida ne a tafi barci. In an riga an killace wani fayil, kuma gem ɗin na Steam ne, sa Steam ya binciki fayilolinsa, zai sauke wanda ya ɓace kawai, ba sai ka sake ƙona data ba. In kuwa gem yana buɗewa amma ba ya haɗuwa da intanet, fayawol, mai gadin da ke tace abin da ke shiga da fita ta intanet, shi ne ya tare shi, can za ka je ka ba shi izini.

To wai ma dole ne ka riƙe wannan antibairos ɗin? A ganina, ga mai buga gem da ke sauke kayansa daga Steam ko Epic, kamfanin Fortnite, ba dole ba ne. Tun Windows 8 a 2012 Defender, kariyar da ke zuwa da Windows, ya zama cikakken antibairos, kyauta, kuma cibiyar AV-TEST ta Jamus, mai gwada antibairos, ta sha ba shi maki mai kyau. Wanda ya zo da sabuwar laftof, McAfee ko Norton, sau da yawa na gwaji ne na kwana 30, daga nan sai tallan a biya kuɗi.

In ka yanke shawarar rabuwa da antibairos ɗin, cire shi ta Settings, sashen Apps. In ya bar saura, kamfanonin suna da manhajar sharewa, ta McAfee sunanta MCPR. Sake kunna kwamfuta, Defender zai farka da kansa, domin dama ja da baya yake yi in ya ga wani ya karɓi aikin. Shiga Windows Security ka tabbatar alamomin sun yi kore.

Duk wannan bayanin na gem ɗin asali ne. Wanda aka fasa, aka zuba maka daga filashin aboki ko shagon tura finafinai, lissafinsa daban. In antibairos ya yi ihu a kansa, mai yiwuwa gaskiyarsa ce, don a irin waɗannan fayiloli ake cusa manhajojin satar kalmar sirri. Wannan kada ka keɓe masa folda, goge shi, ka sa Defender ya yi wa kwamfutar cikakken bincike, sannan ka canza kalmomin sirrin imel da na Steam.